Katin Kwamfuta a Asibitin da Muke Zuwa: Folda Ta Daina Ɓata, Amma Takarda Ba Ta Ƙare Ba

Duk mai kula da tsoho mai ciwon da sai dai lallaɓawa, irin hawan jini da suga, idan ya tambaye ni ko ya mayar da shi asibitin da ke ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, zan ce masa ya mayar, kada ya tsaya shawara. Wanda kuwa zazzaɓin damina ne kaɗai ke kai shi ganin likita, ba zai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, sai ma ƙarin kuɗin buɗe kati. Ra'ayina ke nan a kan sabon tsarin da asibitin da muke zuwa a nan Kano ya shigo da shi. Asibitin kuɗi ne, matsakaici, yana karɓar masu inshora da masu biya daga aljihu, ni kuma ta ƙofa biyun nake shiga. Ni da maiɗakina da yara muna kan inshorar ma'aikatan tarayya. Hajiyarmu kuwa mu 'ya'yanta ke haɗa mata kuɗi, don tsarin ma'aikata mutum da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ya ɗauka, iyaye ba sa ciki sai da ƙarin biya.

A da, sammako za ka yi ka ajiye ƙaramin katinka a tagar ɗakin kati, a jera su bisa zuwa, wani ma'aikaci ya shiga tsakanin kantoci yana laluben folda da lamba. In an dace ta fito, masinja ya tara su ya rungumo ya kai ɗakin awo. In ba a dace ba, a ce maka tana wurin likitan da ya gan ku wancan zuwan, ko ba a dawo da ita daga ɗakin kwanciya ba, ko kawai a ce ba a gan ta ba. Sai a buɗe ta wucin gadi, farar takarda guda da sunan mara lafiya a samanta. Ga mai mura wannan ba komai ba ne. Ga dattijuwar da aka shekara da shekaru ana gwada mata wannan magani ana sauke wancan, farar takarda na nufin likita zai soma daga tushe, ya dogara da abin da muka iya tunawa. Hajiya kuma ba ta san magungunanta da suna ba, da kama ta san su: ƙaramin fari na safe, babban fari na bayan cin abinci. Dalilin da ya sa muke yawo da baƙar leda cike da tsofaffin kwalayen magani ke nan.

Rajistar farko a sabon tsarin tana cin lokaci, gara mutum ya shirya mata ya zo ba ranar da jiki ya matsa ba. Yaron da ke kan kwamfutar ya ɗago ya ce, "Mama, shekarar haihuwa fa?" Ta ce, "Ɗan nan, wa ya rubuta? An dai ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano aka haife ni." Ya yi murmushi ya dube ni, na ce ya sa 1956. Rana da wata kuwa ɗaya ga Janairu, kamar yadda yake a takardar NIN ɗinta da ta tsofaffi bila adadin. A nan na gane matsalar da masu wannan aiki ke fama da ita a ƙasar Hausa: mata nawa ne a garin nan masu suna Aisha Muhammad ko Fatima Abubakar, kuma duk an haife su ɗaya ga Janairu? In suna da ranar haihuwa kaɗai za a bi, wata rana sai an ba wata maganin wata. Asibitin ya yi dabara, yana haɗa lambar asibiti da lambar waya da hoton fuska da ake ɗauka nan take, don haka duk wanda ya buɗe shafin Hajiya fuskarta zai fara gani. Kuma ba su mai da NIN sharaɗi ba. A gabana wani dattijo da ya zo daga Maraɗi ya yi rajista da lambar wayar ɗansa da ke kasuwanci a nan, ba wanda ya ce masa sai ya kawo katin ɗan ƙasa. Wannan na yaba, don Kano da Katsina asibitocinsu ba na 'yan Najeriya kaɗai ba ne, mutanen Nijar na shigowa neman magani kullum.

Tsohuwar foldar ba a kwashe ta duka an zuba a kwamfuta ba. Wata nas ce ta zauna da ita ta tsamo abin da ya fi muhimmanci: cututtukan da aka tabbatar, magungunan da take sha, waɗanda jikinta ya ƙi, da sakamakon gwajin baya-bayan nan. Sauran yana nan a sito, in an buƙata a ɗauko.

Inda na ga amfanin abin ƙuru-ƙuru shi ne ɗakin likita. Yanzu da an auna mata jini da nauyi da suga a ɗakin awo, nas ta shigar, kafin mu taka zuwa ƙofar likita lambobin sun riga mu isa. Wata rana likitan da ya saba ganinta ba ya nan, muka faɗa hannun wani matashi da bai taɓa ganinta ba. Jinin ya ɗan hau, ya ce zai ƙara mata lisinopril a kan amlodipine ɗin da take sha. Yana rubuta sunan maganin sai wani jan layi ya fito a allon. Ya dakata ya karanta, ya juyo ya ce, "Hajiya, ashe an taɓa ba ki wannan ya sa ki tari?" Ta ce, "Af! Ashe shi ne. Tarin da ya hana ni barci har aka ce ko sanyi ne." Busasshen tari sananne ne ga wasu masu shan irin wannan magani, kuma likitan farko ya rubuta tun lokacin da ya sauke mata shi. A zamanin folda, wannan rubutu yana can shafi na ashirin da wani abu, cikin rubutun da sai mai shi ke iya karantawa, in ma foldar ta fito ke nan. Matashin nan ya canza zuwa losartan, ya kuma sa a duba ƙodarta bayan an fara.

Haka batun suga. Akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Hajiya ta iya kame baki kwana biyu kafin ranar asibiti, ta bar fura da shayi mai zaƙi don awon safe ya yi kyau, amma wannan gwaji ba ya cin wannan wayon. Kwamfutar tana jera sakamakon bi da bi, likita ya juyo mana allon mu ga inda ya sauka da inda ya hau. Inda ya hau kuwa ya yi daidai da watannin bukukuwa, ita ma da ta gani dariya ta yi ta ce a rufe. Gwajin ƙoda ma haka ake jera shi, kuma yana da muhimmanci ga mai shan metformin, maganin suga, don in aikin ƙoda ya ja baya dole a rage maganin ko a sauke shi. Sakamako ɗaya ba ya nuna ja da baya, sai an ga na bara da na bana a jere. Takardun lab da muke ninkewa a aljihu, rabi su jiƙe rabi su ɓata, ba su taɓa ba mu wannan ba.

Ɗakin magani ma ya huta da karatun rubutun likitoci. Da sai ka ga mai ba da magani ya ɗaga takarda yana karkata kai, ya miƙa wa na kusa da shi, a ƙarshe a ce ka koma ka tambayo. Yanzu rubutun yana zuwa musu a buge, da adadi da kwanaki, kuma likita tun daga kujerarsa yana ganin ko akwai maganin a asibitin ko ya ƙare.

Amma akwai abin da aka rasa, kuma Hajiya ce ta fara lura. Mun fito wata rana ta ce min, "Wannan likitan na'urarsa ya duba, bai dube ni ba." Gaskiyarta. Wasu likitocin da yatsa biyu suke bugawa, idonsu na kan madannai, suna tambaya ba tare da sun ɗago ba. Tsoho kuwa rabin maganinsa a gaisuwa yake, a ce masa ya jiki, ya kwanan gida, a taɓa ƙafarsa a ga ko ta kumbura. Likitan da ya saba ganinta ya iya abin: sai ya ture madannan gefe, ya gama sauraronta tsaf, sannan ya ce, "Mama, ba ni minti biyu in rubuta." Sauran ya kamata a koya musu wannan kamar yadda aka koya musu manhajar.

Ta fuskar biyan kuɗi ne aka fi rage mana tafiya, kuma a ganina wannan ba aikin kwamfuta ba ne kaɗai, shawara ce wani ya yanke ta soke matakai. Da, gwaji ɗaya tafiya huɗu ne: ka je lab su rubuta farashi, ka bi layin kashiya, ka dawo da rasit, sannan a ɗebi jini. Ka gama ka sake bin layin nan don magani. Yanzu kowane mara lafiya yana da asusu a jikin lambarsa, kamar katin waya, ka zuba kuɗi a riƙa cira. Ana ba ka lambar asusun banki ta musamman, duk wanda ya yi tiransifa a cikinta kuɗin ya faɗa shafin mara lafiyar. Ƙanwata da ke aure a Kaduna daga ɗakinta take turo nata kason, ba sai ya bi ta hannuna ba, wanda hakan ya kashe wani ƙaramin zargi da kan taso tsakanin 'yan'uwa in ana haɗa kuɗin jinya. Duk wanda ya sha wahalar farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutane ke tsaye a bakin asibitoci da kuɗi a banki amma babu na hannu, ya san darajar wannan. Kuma in ka nema za a buga maka lissafi dalla-dalla: ganin likita kaza, gwaji kaza, kowane magani da farashinsa. Na taɓa ganin an cire kuɗin gwaji sau biyu, na nuna, aka duba aka mayar a take, don komai da lokacinsa da sunan wanda ya shigar.

Abin da ban ji daɗinsa ba a nan shi ne fitar da ragowar kuɗi. Zubawa sakan ɗaya ne, amma in ka ce a dawo maka da saura, sai ka rubuta takarda da hannu, akanta ya sa hannu, manaja ya sa hannu, ka jira kwanaki. Na koyi zuba daidai abin da nake ganin za a kashe.

Ɓangaren inshora kuwa nan ne tsohon hali yake zaune daram. Ga wanda bai sani ba, tun 2022 aka yi sabuwar doka da ta mai da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa daga NHIS zuwa NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Mu ma'aikata kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani muke biya, ƙananan abubuwa kamar zazzaɓi da gwajin maleriya ana yi mana kai tsaye. Amma da zarar an ce ganin ƙwararren likita ko wani babban gwaji, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin HMO ɗinka, wato kamfanin da ke kula da inshorarka yana biyan asibiti. A Afrilun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa ba da wannan lamba cikin awa ɗaya, kuma gaskiya an samu sauƙi a kan da. Sai dai ka ga yadda ake neman lambar. Lokacin da aka ce a yi wa ɗiyata hoton ciki, likita ya rubuta a kwamfuta, ya isa teburin inshora nan da nan. Matar da ke teburin ta karanta daga allonta, ta sake bugawa da hannu a shafin kamfanin, don manhajar asibitin da ta kamfanin ba sa magana da juna. Lambar ta zo mata a waya, ta kwafe ta a wani dogon littafi, ta sake shigar da ita a kwamfuta, sannan ta miƙo min fom in sa hannu, ta ce, "Yallaɓai, a taimaka a yi hoton katin a kawo, gaba da baya." Katin da hotonsa ke cikin kwamfutar da ke gabanta! Na ce, "Hajiya, ba ga shi nan a allonki ba?" Ta ce, "Wallahi na sani, amma in ba mu haɗa takarda ba, ƙarshen wata sai a ƙi biyanmu." Ban ga laifinta ba. Aiki ɗaya take yi sau uku, kuma kamfanoni da yawa take hulɗa da su, kowanne da shafinsa da fom ɗinsa. An sa mata kwamfuta amma ba a sauke mata ko mataki ɗaya ba, sai ma ƙari. An gudu ba a tsira ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: in wuta ta ɗauke fa? Na tambayi yaron da ke kula da na'urorin, ya ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan a cikin asibitin take, ba sai da intanet ɗakuna ke ganin juna ba, kuma tana kan sola da batir. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, masu samun wuta awanni mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ga tsadar man janareta, asibitoci da yawa sun koma sola, wannan ma haka. Duk da haka na taɓa cin karo da ranar da tsarin ya tsaya cak da rana tsaka. Kusan awa guda ba a ga kowa ba, don ba wanda ya san me zai yi: kashiya ba ta ganin asusu, ɗakin magani ba ya ganin rubutu, likitoci sun fito baranda suna hira. Daga baya aka fito da takardu aka ci gaba da hannu. Abin da ya fi damuna ya biyo baya ne. Zuwanmu na gaba, maganin da aka rubuta a takarda ranar nan babu shi a shafin Hajiya, ba wanda ya koma ya shigar. Likita kuma yanzu ya yarda da allon ɗari bisa ɗari, abin da babu a ciki kamar bai faru ba. Da ban ɗauki hoton takardar a wayata ba, da an ci gaba a kan tsohon adadi. Duk ranar da aka yi muku rubutun hannu, ku ɗauki hotonsa, ku kuma tabbatar an shigar.

Sai sirri. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya amana ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Ta wata fuskar an ci gaba, don da folda a hannun masinja take yawo, wani lokacin ma ɗan rakiya ake miƙa wa ya kai, ya buɗe a hanya ya karanta abin da matar wansa ba ta so kowa ya sani. Yanzu kashiya kuɗi kaɗai take gani, ba ta ganin cuta. Amma a ɗakin awo allon yana fuskantar bencin jira, mai ido yana iya karanta sunan wadda ke gaba da abin da ya kawo ta. Na kuma ga nas ta tashi ta bar shafinta a buɗe wata ta zauna ta ci gaba da aiki da sunanta. A garin da kowa ya san kowa, inda maganar haihuwa ko wata cuta ke iya kashe aure, juya tebur ɗaya ba zai ci ko sisi ba.

Babban gibin dai yana bakin ƙofar asibitin ne. Duk wannan tarihi mai kyau, da ka fita ya tsaya. Da aka tura Hajiya wani babban asibitin gwamnati a duba mata ido, saboda suga na taɓa jijiyoyin bayan ido a hankali ba tare da mutum ya ji ba, can ma kwamfuta suke amfani da ita, amma tasu daban. Sabuwar rajista, sabuwar lamba, sababbin tambayoyi, aka maimaita gwajin da bai yi sati biyu ba. Wata 'yar'uwarmu da ke aiki a ƙaramin asibitin unguwa ta ce su ma duk ƙarshen wata suna tattara alƙaluma daga manyan rajistoci a shigar a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira wadda Najeriya ke tara ƙididdigar lafiya da ita. Amma wannan jimilla ce, mutum nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, ba tarihin mutum ɗaya da zai bi shi duk inda ya je ba. A 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da shirin da zai sa bayanan lafiya na kwamfuta su haɗu a ƙasa baki ɗaya. Mu da ke kan benci dai har yanzu da takarda muke tsallakawa daga wannan asibiti zuwa wancan.

Abin da ya rage wa mutum shi ne ya nemi a buga masa taƙaitaccen rahoto kafin ya je wani wuri. A nan asibitin namu ya yi ƙoƙari: da sai ka yi sati kana bin likita ya zauna ya rubuta, yanzu a ranar ake bugawa, shafi biyu, da cututtuka da magunguna da waɗanda jiki ya ƙi da gwaje-gwajen ƙarshe, likita ya duba ya sa hannu da hatimi. Ana biyan ɗan kuɗi. Masu shirin Umara ko Hajji da tsoho, da masu fita Masar ko Indiya neman magani, kada su tafi babu shi.

Suna kuma turo saƙon tunatarwa a waya kwana ɗaya kafin ranar ganin likita, abu mai kyau, sai dai da Turanci yake zuwa. Wayar Hajiya ya fara shiga, ta ɗauka irin saƙonnin kamfanin waya ne ta share, sai da muka mayar da lambar zuwa tawa. Na yi wa manajar asibitin magana, na ce yawancin masu zama a bencin nan Hausa suke ji, wasu ma sai an karanta musu, me zai hana a rubuta da Hausa ko a turo da murya? Ta ce ita ma ta yi wannan tunanin, amma ba su ke da ikon canza rubutun ba, sai kamfanin da ya sayar musu da manhajar, kuma kowane gyara da kuɗinsa. Ta rubuta a littafinta ta ce za ta kai zaman da za su yi da su.